Ilaitia da Sandar Moce

Yayana Apenisa ne ya fara karya wa Ilaitia hanci, tun dukansu ba su yi gemu ba, a filin zari-ruga da ke bayan cocin Nabulesi. Ilaitia ya miƙe jini na shiga masa baki, ya yi dariya, ya sunkuci yayana ya maka shi da ƙasa har kafaɗarsa ta goce. Da yamma aka gan su a gindin kwakwa suna cin rogo a kwano ɗaya. Taubasai ne, abin da muke ce wa tavale. Uwar Ilaitia, Gwaggo Seruwaia, yayar babanmu ce, kuma a garinmu taubashi yakan zage ka a gaban mai gari, ya zare rigarka daga igiyar shanya ya sa, ba ka da ta cewa. Ni ma taubashiyarsa ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido tun yana da rai.

Ƙato ne, wuya kamar turmi, kunne guda a murɗe, zuciya kuma a kusa. Hannunsa yakan riga bakinsa amsa magana. Ina ce masa Hancin Gwaza, shi kuma ya ce mini Torika Reza, wai bakina ya fi addarsa kaifi. Mutum ɗaya ne a duniya ke iya tsayar da shi da kallo, uwarsa. Ita kuma abu ɗaya take so a wurinsa, ta sha faɗa tun tana da ƙafafunta biyu: in ranarta ta zo, ta tarar da babale a Moce.

Moce wani zoben dutsen murjani ne a cikin teku, ana hango farin kumfarsa daga ƙofar ɗakin Gwaggo. Mashigarsa ɗaya ce, a ciki kuma ruwa kwance yake kamar a ƙwarya, ƙasansa farin yashi. Nan babale, dolfin ɗinmu ƙanana masu dogon baki, dabbobin teku masu siffar kifi amma masu shaƙar iska da shayar da 'ya'ya, suke shigowa da sassafe bayan sun kwana farauta a zurfin teku, su wuni suna barci. Barcinsu a tafe suke yin sa: zagaye a hankali, jiki da jiki, ido ɗaya a rufe, su taso su ja numfashi su koma. Muna yara Gwaggo takan kai mu a kwalekwale, kuma duk wanda ya ɗaga murya a ciki sai ya sha ranƙwashi, don a Moce raɗa ake yi. A harshenmu moce barci ne, kuma da ita ake yin sallama, kalma ɗaya ce. Tsofaffi sun ce duk wanda ya mutu a garin nan ta ƙofar Moce ransa ke fita, babale ne ke yi masa rakiya zuwa inda ake zuwa. Fasto ya sha yin wa'azi a kan wannan magana. Mukan ce amin, mu fito mu duba teku.

Gidan su Ilaitia gidan masunta ne, su ke da Moce tun kaka da kakanni. Idan aka binne wani daga gidan, sai a kafa sanda a mashigar, a ɗaura mata ganyen kwakwa. Tabu ke nan: dare ɗari babu ƙugiya, babu raga, babu jirgin da zai shiga. Mutuwa kaɗai ke kafa sandar nan. Rabon da a gan ta tun rasuwar uban Ilaitia, ina 'yar ƙarama. Bayansa gidan ya watse, wasu sun tafi Suva babban birni, wasu Ostireliya tsinkar 'ya'yan itace, can suke mutuwa can ake binne su. Saura Ilaitia da uwarsa.

Soja ya shiga bayan makaranta ta gaji da shi. Aka kai shi Labanan aikin kiyaye zaman lafiya, abin da ya ba duk garin dariya, don mun san shi da zaman lafiya ba su taɓa haɗa hanya ba. Ya dawo da tabo a haƙarƙari wanda bai taɓa ba da labarinsa ba, da ƙaramin jirgin ruwa na faiba, ba na itace ba, da inji sabo dal. A lokacin ne aka gina otal-otal a gaɓar yamma da mu, baƙi 'yan yawon buɗe ido suka fara tambayar inda za su ga dolfin. Ilaitia ya ce ai a gonar ubansa suke.

Ranar farko ina cikin jirgin, ni ce mai abincin rana, kifi a ruwan kwakwa da rogo. Muka shiga Moce ya kashe inji. Babale na ta zagayensu na barci, ba a ganin komai sai bayansu yana tasowa yana nutsewa. Baƙi suka ɗauki hoto, suka yi hamma, wani mai jan wuya ya tambaya ko shi ke nan abin. Na ga jijiyar wuyan Ilaitia ta tashi, na ce yau Bature zai sha ruwan gishiri. Sai kawai Ilaitia ya ɗauki filafili ya shiga jibgar cikin jirgin, ya ja inji ya murɗa har ƙarshe, ya ratsa tsakiyar garken ya fara kewaya su. Babale suka farka a firgice. Suka tarwatse, suna tsalle sama suna juyi kamar mazari, suna faɗowa tim. Baƙi suka yi ta tafi, mai jan wuyan nan har da rungumarsa.

Wata a cikinsu ta tambayi ma'anar Moce, Ilaitia ya ce mata sai-wata-rana. Bai yi ƙarya ba, rabin kalmar dai ya ba ta. Da muka dawo na tambaye shi ina ya baro ɗaya rabin.

"Reza," ya ce, "wa kika taɓa gani ya biya kuɗin jirgi don ya kalli mai barci?"

Ya sa wa abin suna rawar maraba, wai murna babale suke yi da baƙi. Yayana ne ya fara koya a wurinsa, ya tuge yaqonar gonarsa, saiwar nan da maza ke jiƙawa su sha, ya sayar ya sayi jirgi. Samari suka bi. Sai jiragen otal, manya masu inji biyu-biyu. Gari ya canza: sabon rufin kwano, tankin ruwa a makaranta, fenti a coci. Kowa ya ci, ni ma tukunyata ba ta sauka daga murhu ba. Daga hantsi har rana ta karkata Moce ba ya shiru, wannan na fita wancan na shiga, kowa da filafilin dukansa.

Ko akuya ka hana barci shekara da shekaru sai ka ga abin da zai biyo baya. Da can garken yakan cika Moce har ruwan ya yi duhu. Sai suka fara shigowa a makare, suna fita tun rana ba ta yi tsaka ba. Masu jego suka gwammace su yi gyangyaɗi a waje cikin igiyar ruwa, inda kifin shak ke jiran 'ya'yansu. Waɗanda ke shigowa duk sun rame, bayansu da shatar farfela. Da suka ragu kuma sai korar ta ƙara zafi, don baƙon da bai ga tsalle ba ba ya dawowa, jirage sai su yi caa a kan 'yan kaɗan ɗin da suka rage. A cikin shekarun nan ne ciwon sukari ya cinye wa Gwaggo ƙafa ɗaya. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa tana fuskantar teku.

Jirgin Ilaitia ne ya yi babbar ɓarnar, ba na kowa ba. Wata uwa ta yi kasadar shigowa da jaririnta, bai fi tsawon hannuna ba. Ilaitia na cikin kewayen nan nasa sai muka ji inji ya yi wani irin tari, jirgi ya girgiza, ruwa ya yi ja a bayanmu. Farfela ta bi ɗan daga ƙofar numfashinsa har wutsiya, tsaga-tsaga, kamar yadda nake yi wa kifi kafin in sa gishiri. Bai mutu nan take ba. Yana ta juyi yana fesa jini ta saman kai, uwar tana tura shi sama da bakinta don ya sha iska. Wata baƙuwa ta yi amai a kan kwandon abincina. Kwana da kwanaki uwar nan tana yawo da gawar a goshinta, in ta zame ta nutsa ta ɗauko, har fatar ta fara saɓulewa. Jirage kuma ba su fasa shiga ba, har an sami masu ɗaukar hoton.

Ruwa ya kawo abin da ya rage bakin yashi, daidai ƙasan ɗakin Gwaggo. Ta sa Ilaitia ya ɗauke ta ya kai ta wurin. Ta daɗe tana kallo, tana korar ƙudaje da mafici. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Ila," ta ce, "to ni wa zai raka ni?"

Ya durƙusa a yashi. Nana yake ce mata, wato uwa a harshenmu. "Za ki same su, Nana. Na yi miki alkawari."

"Kai ka kore su."

"Ni zan dawo da su."

Ya mayar da ita ɗaki, ya kwance injinsa ya ɗora a kan dutse, ya ɗauko anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi, ya dinga sara har mai da ƙarafa suka watsu ko'ina, tafin hannunsa ya yage. Na tsaya ina kallo, na ce masa da ya ba ni na sayar. Ko ɗagowa bai yi ba. Ranar ce ta farko da na tsokane shi bai rama ba, kuma tsoro ya kama ni.

Ya kai maganar zauren gari, inda maza ke zaune a tabarma suna shan yaqona a gaban mai gari, mu mata muna bakin ƙofa. Ilaitia bai iya tsara magana ba, bai taɓa iyawa ba. Ya ce a kafa sanda a Moce babale su yi barci. Mai gari, tsoho mai sanyin hali, ya tuna masa cewa sanda ta mamaci ce, ya tambaye shi wa ya rasu a gidansu. Ilaitia ya ce ɗan babale. Sai yayana ya kasa riƙe bakinsa.

"Ashe haihuwa ka yi ba mu sani ba, tavale? Ai da ka faɗa da mun kawo tabarmin gaisuwa. Da kai yake kama ko da uwar?"

Dariya ta ɓarke. Wasan taubashi ne, an saba, a wata rana da Ilaitia ya rama da wanda ya fi shi zafi. Amma sai ya ɗauki akushin yaqona, babban nan na itace, ya kifa wa yayana a ka. Goshin ya tsage, jini da ruwan yaqona suka gangaro tare suka jiƙa tabarmar mai gari. A garinmu ko tsayuwa ba a yi a gaban akushin nan, balle a ɗaga shi a doki mutum. Samari suka ja shi waje. Sai da ya zubar wa wasu haƙora kafin su kai shi ƙasa, daga nan suka yi masa dukan kawo wuƙa, da ƙafa da itacen girki, har sai da na faɗa a kansa ina zaginsu da sunayen iyayensu mata. Ya yi kwanaki yana fitsarin jini.

Da ya iya miƙewa sai ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi. Ya saro sanda, ya ɗaura mata ganyen kwakwa, ya tuƙa jirginsa da filafili har ƙofar Moce ya kafa ta da hannunsa. Mata suka hango ta wasu suka fasa kuka, sun zaci Gwaggo ce ta cika. Da aka gane tana nan da ranta sai kukan ya koma tsoro. Sandar da aka kafa babu gawa, gawa take nema, kowa ya san haka, kuma mutum biyu ne kaɗai suka rage a gidan. Gwaggo ta ce masa ya kira abin da ba a kira. Ya ce shi bai ga wata hanya ba, mutanen garin nan ba abin da suke tsoro sai sanda.

Yayana ya je ya tuge ta, da ɗinki a goshinsa. Mutane sun ce don jirginsa ya yi, kuma akwai wannan, yana da 'ya'ya a makaranta. Amma ni na gan shi a bayan ɗaki yana share hawaye. Gwaggo ce ta goye shi bayan rasuwar uwarmu, ba zai zuba ido sanda tana kiran ranta ba. Ilaitia ya sake kafawa, Apenisa ya sake tugewa. Don tsohuwa ɗaya kowannensu yake yi, kuma ba wanda ya iya gaya wa ɗan'uwansa haka sai da naushi.

Daga nan Ilaitia ya tare a ƙofar Moce. Kullum da sassafe zai gitta jirginsa a mashigar, filafili a cinya, adda a ƙarƙashin ƙafa. Ya yanke tiyon fetur na jirage, ya ja igiya a ƙarƙashin ruwa ta naɗe farfela. Samari suka fasa masa jirgi, ya liƙe. Suka ƙona masa ɗakin girki. Wani direban otal ya yi kuskuren tunkuɗa shi da hancin jirgi, Ilaitia ya haye ya karya masa muƙamuƙi a gaban baƙinsa ya jefa shi ruwa. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi, ya yi watanni a gidan yari, ni na yi jinyar Gwaggo. Kafin ya fito Moce ya zama fanko. Sai a wuni ana kewaye ba a ga ko baya ɗaya ba, direbobi suna ta jibgar jirgi suna tashin ruwan da babu kowa a ciki.

Ya dawo a rame, furfura ta fito masa. Gwaggo kuma numfashi ya fara yi mata wuya, ƙafar da ta rage ta kumbura, nas ta ce a kira dangi. Kullum tambayarta ɗaya, sun shigo? Kullum amsar ɗaya. Na kai wa Ilaitia abinci, na ce ya haƙura ya zauna kusa da uwarsa a 'yan kwanakin da suka rage mata, faɗan nan bai dawo da ko wutsiya ɗaya ba. Ya ce ya sani. Ya ce abu biyu ya iya a duniya, tuƙi da duka, tuƙin ne ya kore su, saura dukan. Na ce masa jaki ne. Ya ce ai da na aure shi da na gyara shi, na ce Allah ya tsare ni. Ya cinye abincin tas, ya tashi ya saro wata sandar.

Ranar da abin ya faru, wani mai kamun kifi ya dawo da hantsi ya ce ya ga 'yan babale kaɗan sun shiga Moce, har da mai jego. Labarin ya kai otal kafin ya kai ɗakin Gwaggo. Jirage suka fito a guje. Ina cikin na yayana da kwandona, mu ne a gaba, baƙi a zaune da rigunan hana nutsewa. Muka tarar da Ilaitia a gicciye a ƙofa, sanda a tsaye a gefensa da ɗanyen ganye. Can ciki ana hango bayansu, suna zagayen nan a hankali wanda na manta rabon da in gani.

"Matsa, tavale," in ji yayana.

"Barci suke."

"Su yi ta yi. Ni sandar nan zan cire. Gwaggo na can tana jan numfashi da ƙyar, kai kana nan kana yi mata kiranye."

"Taɓa ta ka gani."

Yayana ya matsa da jirgi ta gefe, bai kashe inji ba, ya miƙa hannu ya kama sandar. Filafili ya sauka a dantsensa. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Ilaitia ya diro cikin jirginmu, baƙi suka kwanta a ƙasa suna ihu, su biyun suka sarƙe kamar a filin bayan coci, kai da kai, gwiwa a ciki, yayana ya cije shi a murɗaɗɗen kunnen nan har ya gutsire. Na dinga dukansu da murfin tukunya, ba wanda ya san ina yi. Sai jirgi ya karkata suka faɗa ruwa tare, ƙafar ɗayansu ta shuri hannun inji wajen faɗuwa. Jirgi ya zabura babu mai tuƙi, ya yi kewayen da aka saba sa shi yi, ya dawo ta kansu.

Ilaitia ya ga zuwansa. Ya danna kan yayana ƙarƙashin ruwa da hannu biyu, shi kuma bai sami zarafin nutsewa ba. Na ji irin tarin nan da inji ya yi ranar ɗan babale. Kafin in rarrafa in kashe shi ruwan ya riga ya yi ja. Farfela ta bi shi daga kafaɗa har cinya. Yayana ya taso ya tallafe shi da hannunsa mai lafiya, yana tura fuskarsa sama don ya sha iska, direbobin sauran jiragen suka taimaka muka jawo shi ciki. Na cusa zanena a raunin cinyar, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsuna. A ƙarƙashinmu na ga inuwoyi sun wuce a guje. Babale ne suka fice ta ƙofa, uwa da ɗa a tsakiya.

"Sandar tana nan?" Ilaitia ya tambaya.

"Tana nan, ɗan banza," in ji yayana yana kuka. "Yi shiru."

"To bar ta. Yanzu ta sami mai ita." Ya juyo da ido wurina. "Reza, ki ce wa Nana ba ita take kira ba."

Ya ce moce a hankali, kamar mai shirin juya kwanciya. Bai kai gaɓa ba.

Ni na gaya wa Gwaggo. Ta saurara har ƙarshe ido a bushe, sannan ta tambaya ko babale na nan lokacin da ya cika. Na so in yi mata ƙarya bakina ya ƙi, na ce sun riga sun fita. A nan ne ta fasa wani irin kuka da ban taɓa ji ba, tana dukan ƙirjinta, tana cewa ɗanta na can ƙofar Moce shi kaɗai, bai san hanya ba, kuma shi ba ya tambaya. Ni ma na yi kukan da ban yi a jirgi ba. Ina son mutumin nan, da hancinsa da jakancinsa.

'Yan sanda suka yi wa yayana tambayoyi suka sake shi. Aka binne Ilaitia, mai gari da kansa ya je ya ɗaura sabon ganye a sandar da mamacin ya kafa da hannunsa. Tabu ya hau. Samarin da suka tattake shi a ƙofar zaure su ne suka jawo jiragensu kan yashi suka kife, ba wanda ya ce su yi. Jirgin otal ɗaya ya gwada shiga, ya tarar da yayana a ƙofa, hannu a rataye a wuya, filafilin Ilaitia a ɗaya hannun. Aka yi wa direban ɗinki a ka, ba a sake gwadawa ba.

Kowa ya zaci Gwaggo za ta bi ɗanta kafin a kwashe tabarmin makoki. Sai ga shi washegarin binnewa ta ce in dafa mata kifi. Ta ci ta amayar, ta ce in ƙaro. Maganin da a da take ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma ta dinga haɗiya ba fashi. Idan numfashi ya sarƙe ta sai ta damƙe hannuna har farcenta ya shige, ta ce in zaunar da ita, in dake ta a baya, kada in kuskura in bar ta ta kwanta. Na ga inda Ilaitia ya gado faɗa. Wata rana na gaji da ganin wahalarta, na tambaye ta me take jira.

"Ke ba ki da kai ne, Torika? In na tafi yanzu darena ɗari zai shige cikin nasa. Asara ke nan. Gidan nan ba shi da mutuwar da zai yi wasa da ita."

Moce ya yi shiru. Makonnin farko babu komai. Yayana yakan tuƙa da hannu ɗaya kowace safiya, ya tsaya daga wajen sanda ya leƙa, ya dawo ya durƙusa a ƙofarta ya ce tukuna. Ba ta taɓa yi masa maganar ranar nan ba, shi ma bai roƙi gafara da baki ba, zuwan nan ne roƙonsa. Sai wata safiya ya ce ya ga baya uku. Bayan nan suka ƙaru, suka fara kaiwa yamma a ciki, masu jego suka dawo. Ba su kai yawan da ba, ko kusa, amma ruwan ya fara duhu a tsakiya.

Ana gab da cikar dare ɗari gari ya fara shiri. Mata na feren gwaza don walimar cire sanda, samari na yi wa jirage fenti, otal-otal sun aiko tambaya. Ban ga laifinsu ba, tukwane sun daɗe a sanyaye. Gwaggo ta zama ƙashi da fata, idanu kawai suka rage. Da safiyar ranar da dare ɗari ya cika yayana ya dawo daga leƙe kamar kullum, kafin ya bi su mai gari zuwa cire sandar.

"Sun shigo?"

"Sun shigo, Gwaggo. Barci suke."

"Da yawa?"

Ya share fuska. "Sun isa rakiyar mutum biyu."

Ta ce to ya tafi, kada ya sa manya jira. Muka kalli jirgin mai gari yana ƙanƙancewa, da filafili ake tuƙa shi don tabu bai sauka ba tukuna. Na miƙa mata kofin shayi ta ture. Ta ce in kwantar da ita, ita da ta yi watanni tana hana ni. Na gyara mata matashin kai ta fuskanci teku. Ta ce yaron nan ya daɗe a tsaye, kuma shi ba shi da haƙuri. Sannan ta ce mini moce, ni ma na ce mata moce.

Mata ba sa kaɗa gangar itacen da ke gaban coci. Ni na kaɗa ta ranar, kiɗan mutuwa, da duk ƙarfina har sandunan suka fasa mini tafin hannu, don jirgin ya kusa isa. Yayana ya ce hannun mai gari na kan sandar lokacin da sautin ya iso su ta saman ruwa. Tsohon ya saurara, ya janye hannunsa, ya ce a juya. Gwazar walima a makoki aka cinye ta.

Yanzu muna cikin dare ɗari na Gwaggo. Jirage na kife a kan yashi da sabon fentinsu, kaji na shan inuwa a ƙarƙashi. Yayana har yau yana zuwa leƙe kowace safiya, ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin da babu kowa, sannan ya tuna ya wuce wurina ya faɗa mini. Jiya ya ce ya ga sabon jariri. Na ce madalla, na zuba masa shayi. Ba mu taɓo abin da dukanmu muka sani ba: idan nata ya cika, gidan masunta ba shi da sauran wanda zai mutu.